Ba Ƙayar Kifi Ba Ce

Idan aka tambaye ni abin da ya dawo da ni daga Dubai, cewa nake yi biza ce ta ƙare. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi duka ba. Akwai wata mata 'yar Caina da ta zauna a gabana ta gaya mini mijinta yana shaƙe ta, ni kuwa na kwashe da dariya. Wannan ne ba na faɗa.

Kwana biyu da saukata na ɗauki takardar da ejan ya ba ni a Kano na nufi unguwar Al Khabaisi neman makarantar da aka ce zan koyar. Na sami titin, na sami benen, na sami lambar ƙofar. A ciki wani Ba'indiye ne yake sayar da tawadar injin buga takardu. Ya karanta takardar, ya kaɗa kai, ya ce ni ce ta huɗu da ta zo da irinta. Wayar ejan kuwa a kashe, kuma har yau ba a kunna ta ba. Ni Rakiya, shekara goma sha biyu ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata a Zariya, ni da nake gyara wa mai karanta labarai kuskure ina daga ɗaki, ni aka yi wa wannan da takarda mai kuskuren rubutu har uku. Na gan su tun a gida, wallahi na gan su, na ce na mai bugawa ne.

Bizar ziyara ce a hannuna, ta wata biyu. Na kama gado a wani fulat a unguwar Deira, mu takwas a ɗaki, gadaje masu hawa biyu, kowa da labulenta. A benen da ke samanmu akwai Hajiya Uwani, mutuniyar Fagge, mai yi wa 'yan kasuwarmu tuwo. Ƙamshin daddawarta ne ya karya ni. Ina hawa matakala ya doke ni, sai na ga ɗakin girkin mahaifiyata a Tudun Wada da 'yata Ummi tana lasar muciya, na zauna a nan na yi ta kuka kamar ba malama ba. Hajiya ta leƙo ta ce in taso in ci tuwo, kuka ba ya sabunta biza. Tun daga ranar ban ƙara kwana da yunwa ba.

Ita ce ta jiyo mini aikin a bakin masu cin tuwonta. Wani ɗan Caina a Ras Al Khor mai sayar da kayan gyaran babur da janareta yana neman 'yar Najeriya mai Turanci da Hausa. Kusan duk masu sayensa namu ne, daga Kano da Legas da Anaca, yana so a koya wa matarsa irin Turancin da suke yi don ta riƙa zama a teburin ciniki.

Ras Al Khor ba Dubai ɗin hoto ba ce. Metiro, sannan bas, sannan tafiyar ƙasa tsakanin sito-sito masu kama ɗaya, ƙarfe ko'ina, rana tana dukan kwano tana dawo maka da shi a fuska. Mai gidan, Oga Gao kowa ke ce masa, gajere ne mai tsafta, muryarsa ƙasa-ƙasa, kullum da murmushi. Da hannunsa yake miƙa wa baƙi ruwan sanyi. Ya iya "sannu da zuwa", ya iya "gaskiya", Alhazanmu suna mutuwar sonsa, kowa ka taɓa sai ya ce mutumin kirki ne. Ranar farko ya karɓi fasfona ya ce zai juya mini bizar ta koma ta aiki. Duk sanda na tambaya sai ya haɗa yatsu ya ce shwaiya shwaiya, wato sannu a hankali, ya bi ni da murmushi.

Da safe ina yi wa Alhazai tafinta. Bayan azahar kuma awa ɗaya nake zama da matarsa a wani ɗan tebur, kyamara a saman kanmu, ofishinsa na gilas yana kallonmu.

Lin sunanta. Siririya, ba za ta wuce talatin ba, ba ta da waya, sai littafin rubutu da wani ɗan ƙamus mai jan bango da ya sha hannu. Kullum da ɗan ƙyalle naɗe a wuyanta, a zafin da idan ka dafa ƙofar sito sai ta ƙone ka. Na ɗauka gayu ne. Har tsokanarta nake yi, in ce Lin, sanyi kike ji a garin nan? Sai ta yi ɗan murmushi ta gyara ƙyallen. Ticha take ce mini. A sati na biyu ta fara zuwa mini da fulas na ruwan zafi da wasu busassun 'ya'yan itace jajaye a ciki, ta nuna mini kalmar halal da ta kwafa a littafinta da manyan baƙaƙe don kada in ji tsoro. A duk ƙasar nan, bayan Hajiya, ba wanda ya taɓa tunanin abin da zan sha sai ita.

Kanta yana ja, sai dai ta ƙi jinin ƙarshen kalma. Komai a wurinta yanzu yake faruwa, babu jiya. Kuma tana yar da rabin jimla a hanya. In ta yi haka sai in buga biro a tebur in ce ba daidai ba, sake. Ta sake. Ni dai ba na sassauta wa ɗalibi, ko a gida an san ni da haka.

Daga takardar jerin kaya muke karatu, kuma a nan kalmar ta fito: choke. Na ce mata wannan mai sauƙi ne, ko bakanikenmu na gida ya san shi, cok muke cewa, abin da ake ja da safe in babur ya ƙi tashi, ya toshe wa inji iska. Ta buɗe ƙamusunta. Yatsanta ya daɗe a kan shafin, ya daɗe ƙwarai. Sannan ta tambaye ni ko ana faɗar sa a kan mutum. Na ce sosai ma, in abinci ya bi ta inda bai kamata ba. Na kama maƙogwarona na yi tarin ƙarya don ta yi dariya. Ba ta yi ba.

To, akwai wata magana da 'yan kasuwarmu suka ɗauko a shekarun nan. In aka buɗe kwantena suka ga kaya maƙil, ko suka ga mota mai kyau, sai ka ji "E choke!" Wai abin ya kai, ya burge, ya fi ƙarfin magana. 'Yan Legas suka fara, har na Kano suka kama. Sau goma nake jin ta a wuni, tana ci mini rai a matsayina na malama, amma kunnena ya saba da ita har ba ya jin wani abu daban.

Wata Talata Oga Gao ya wuce ta bayanmu ya shiga ofis. Lin ta jira ƙofar ta rufu. Ta nuna gilas ɗin da ƙarshen bironta, ba ta ɗaga kai ba, ta ce a hankali:

"He choke."

Na fashe da dariya. Na ce kai Lin, har kin kama Turancin 'yan Legas? Na ce ƙwarai kuwa, oga e choke, duba kaya har rufi. Ta sake faɗa, na sake dariya. Kuma Allah Ya sani da a nan na tsaya da na gode. Da ya fito sai na tare shi da fara'ata, ina neman ya ga aikina yana ci, na ce oga, matarka ta ce ka yi choke. Ya tambayi ma'ana. Na ce yabo ne, haka mutanenmu ke cewa. Ya yi murmushi, ya ciro wayarsa, ya sa na faɗa masa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya ya rubuta. Ya kalli abin da wayar ta ba shi. Ya kalli Lin. Murmushin bai bar fuskarsa ba, ya ce mini na gode Ticha.

Washegari ba ta zo ba. Kwana huɗu ba ta zo ba, ya ce mura ce.

Da ta dawo muryarta ta dushe, ƙyallen ya hau har haɓa. Ba ta zo da fulas ba. Muna cikin karatu bironta ya faɗi, ta sunkuya, ƙyallen ya zame. Shatin yatsu ne. Huɗu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen, wasu baƙaƙe sababbi, wasu sun fara komawa ruwan ɗorawa. Innalillahi. A lokacin kunnena ya ji harafin da ya ƙi ji ranar Talata. He ta ce, shi, ba e na 'yan Legas ba. Ita kuwa ta gyara ƙyallenta ta ci gaba da kwafar sunayen kusoshi.

Ranar Juma'a da rana na sami Hajiya tana tuƙa tuwo na zayyana mata komai. Ba ta tsaya da tuƙin ba. Ta ce ai da Hausa ce da ba a yi haka ba, ƙwarewa daban, shaƙewa daban, ba mai haɗa su, Turawa ne suka zuba su a kwano ɗaya. Sannan ta tambaye ni fasfona a hannun wa yake, da kwana nawa ya rage mini. Na ce sha shida. Ta ce ta ga mata da yawa sun shiga maganar da ba tasu ba a garin nan, an saka su a jirgi da kayan jikinsu. Ta ce in tuna da Ummi. Na ce to Hajiya, in zuba ido ya kashe ta? Ta kwashe malmala uku kafin ta amsa.

"Ke malama ce. Koyarwa aka ɗauke ki yi. To ki koyar da kyau."

Ranar Litinin na ja layi a tsakiyar shafi. A sama na rubuta cok na babur da manyan baƙaƙe, saboda kyamara. Ƙarƙashinsa na sa hanyar da motoci suka cushe, da magudanar da shara ta toshe, da muryar da kuka ya tare, duk kalma ɗaya ce a Turanci. Sai na rubuta I choked, na ce mata wannan na ƙware kenan, ba wanda ya yi mini, tsautsayi ne, likita zai ba ki ruwa ya sallame ki. A can ƙasa da ƙananan baƙaƙe na rubuta He choked me. Na ce mata kalmar nan munafuka ce. In aka bar ta ita kaɗai, ba mai laifi. Sai kin sa shi a gaba, kin sa kanki a baya, sannan take nuna wanda ya aikata. Kalma uku, ba a yar da ko ɗaya, kuma sai an ji ƙarshen ta tsakiyar, don a san an riga an yi.

Ta dube ni, karon farko tun Talatar nan. Na kasa haɗa ido da ita. Na ce sake. Ta faɗa, ta yar da ta ƙarshe. Na buga biro a hankali na ce ba daidai ba, sake. Haka muka yi kwana uku, kanmu a sunkuye kamar masu duba lambobin kaya, tana fitar da kalma uku da maƙogwaron da ko yawu da ƙyar yake wucewa.

A rana ta uku ban ji zuwan Oga Gao ba, sai inuwarsa na gani a kan littafin. Lin ta riga ta juya shafi, ban san lokacin da ta yi ba. Ya ɗora hannu a kafaɗarta, kusa da wuya, babban yatsansa yana shafa gefen ƙyallen sama da ƙasa. Ya ce daga yau sunayen kaya kawai za mu riƙa yi, sauran Turancin ba ta da buƙatarsa. Ya ce bizata inshallah sati mai zuwa. Na ce na gode oga. Har da ɗan rusunawa na yi, kuma na tsani kaina a kan haka.

Kwana biyar ya rage mini ranar da abin ya zo. Da hantsi ne, sito cike da mutane. Lin tana teburin ciniki, numfashinta yana fita da wani ɗan fito, fararen idonta duk ɗigo-ɗigon jini. Wani Alhaji ɗan kasuwar Kwari da ya zo sayen kafireta ya dube ta ya ce a'a, wannan baiwar Allah ba lafiya ba, a kai ta asibiti yanzu. Sauran suka kama. Mutumin kirki ba shi da yadda zai yi a gaban masu sayensa, ya ɗauko makulli, ya ce in zo in yi tafinta.

A mota ya koya mini darasina. Kifi suka ci jiya, ƙaya ta maƙale mata, ta yi ta tari tana kama wuyanta da hannunta, shi ya sa shatin. Ya maimaita sau biyu. Da muka tsaya a danja ya zaro fasfona daga aljihun rigarsa, koren nan nawa, ya ajiye a gaban mota inda zan gan shi. Da aka ba mu hannu ya mayar aljihu. Lin tana baya, fuskarta a jikin taga.

A asibitin aka ce shi ya jira a waje. Ya ja kujera ya zauna dab da ƙofar, ina jin ƙarar ƙafar kujerar. Likitar mace ce, dattijuwa, gilashinta a kan hanci. Ta sa Lin ta cire ƙyallen. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, ta haska idanunta da 'yar fitila. Sannan ta juyo gare ni ta tambayi abin da ya faru.

Na yi niyya. Tun daga mota nake cewa a raina zan faɗa. Na buɗe baki sai na ga Ummi, na ga kaina ina sauka a Kano hannu biyu, na ga matan unguwarmu da suka rako ni tasha. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"She choked on a fish bone."

Turanci tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Wai ƙayar kifi ce ta maƙale mata. Likitar ta dube ni ta saman gilashi, ta ɗauki bironta za ta rubuta.

Sai na ji ƙwas. Lin ce ta buga yatsanta a teburin likita, daidai yadda nake buga biro.

"Ticha, wrong," ta ce. Ta juya wajen likitar, ta nuna ƙofa. Muryar ba ta fi ta mai raɗa ba, amma ba ta yar da komai ba. "He choked me."

Har ƙarshen kalmar na ji, wanda muka yi wata guda muna faɗa a kansa. Likitar ta ajiye biro. Ta tashi ba gaggawa, ta je ta murɗa makullin ƙofar, ta ɗaga wayar da ke bango. Daga waje aka taɓa marikin ƙofar sau ɗaya, a hankali, aka saki.

'Yan sanda sun zo, da wata mace a cikinsu da mai jin yaren Caina. Sun tambaye ni, na faɗi duk abin da na gani, har da ranar Talata. Na faɗa dalla-dalla, a lokacin da faɗar ba ta da sauran tsada. Ta hannunsu fasfona ya dawo, kuma a nan na ji cewa ko takarda ɗaya ta neman biza ba a taɓa shigar mini ba. Lin an wuce da ita wani gida da ake ajiye mata irinta, ba a gaya mini inda yake ba, ni ma ban ga fuskar tambaya ba. Da za a fita da ita ta bi ta gabana a kan keken marasa lafiya. Na ce Lin, ki yafe mini, da Hausa ma na faɗa don Turancin ya gudu. Ban sani ba ko ta gane. Ta dube ni dai, ba fushi, ba murmushi, aka tura ta suka wuce.

Hajiya ce ta haɗa mini yaji da kuka a leda wai kada in je gida in ce ta bar ni da yunwa, kamar a Zariya ba a sayar da kuka. Ta raka ni har bakin metiro. Ta ce to Malama, kin dai koyar. Na ce Hajiya, ba ni na faɗa ba. Ta ce ta sani.

Na koma ajina na da, allon ma ba a sake shi ba. 'Yan matan sun ce Dubai ta canza ni, wai yanzu in yarinya ta yi kwaɓa ba na dariya, sai in matso kusa in ce ta sake faɗa in ji. Ba su san dalili ba. A ɗakin likitan nan mu biyu muka san jimlar. Ni na rubuta ta da hannuna, maƙogwarona kuma lafiyarsa ƙalau, amma wadda aka shaƙe ce ta faɗe ta.